Yadda na gyara rikicin kwafe-kwafen shiri ɗaya a rumbun rediyo

A rumbun ajiyar wani gidan rediyo nan Sakkwato, a da in ka nemi shirin noman albasa, sai kwamfuta ta jero maka shi sau huɗu: cikakken, wanda aka taƙaita don maimaici, na Fulatanci, da MP3 ɗin da ake turawa a WhatsApp. Duk an ɗaure su da alaƙa guda, isVersionOf (wato "wannan wata siga ce ta wancan") ta Dublin Core, ƙa'idar rubuta bayanan kayan da aka adana, wannan na nuna wancan, har ba a gane wanne ne asali.

Sai na raba shirin da siffofinsa, irin rabon da FRBR, tsarin jera bayanan kayan ɗakin karatu na IFLA (ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya), ya kawo a 1998. Na buɗe rajista ɗaya, wato shafin bayani a kwamfutar, ta shirin kansa, babu fayil a jikinta, suna da batu da mai gabatarwa kawai. Cikakken da taƙaitaccen da na Fulatancin kowanne ya nuna ta da isVersionOf, tunda abin da ke ciki ya bambanta. MP3 kuwa maganar ba ta canza ba, riga kawai aka sauya mata, don haka isFormatOf (wato "abu ɗaya ne a wani nau'in fayil") ce ta dace, kuma WAV, asalin fayil ɗin sautin da aka ciro shi daga ciki, zai nuna, ba uwar rajista ba.

Wanda ya fi wahalar da ni shi ne wani shiri da aka sake naɗa don an faɗi farashin buhu ba daidai ba. Sabon na sa masa replaces ("ya maye gurbin"), tsohon ya ɗauki isReplacedBy ("an maye gurbinsa da"), bincike ya daina fito da tsohon amma ba a goge shi ba. Yanzu layi ɗaya ke fitowa, siffofin na ƙarƙashinsa.