Yadda Ake Gano Takarda Shara-shara Mai Araha da Ke Karɓar Alƙalamin Tawada

Tawadar biro mai maiƙo ce, duk inda aka ɗora ta sai ta zauna. Ta alƙalamin da ake ɗura wa tawada kuwa ruwa ce. Idan ta haɗu da takarda mai tsotso sai ta bi zaren takardar ta yi naso, haruffa su fito da gashi-gashi, wani lokacin ma ta ɓullo ta baya. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke neman mai kauri, alhali kauri ba shi ke hana naso ba. Takardar Tomoe River ta Japan giram 52 ce kacal, amma tana riƙe tawada fiye da yawancin takardun ofis masu giram 80. Abin da ke aikin shi ne sinadarin da ake haɗawa da ƙullun takarda a masana'anta, ko a shafa mata a fuska, irin su sitaci, don rage mata shan ruwa. Ba a rubuta yawansa a jikin kwali, don haka sai an gwada.

Fara da fahimtar lambar gsm da ke jikin rim. Nauyin takarda ne mai faɗin murabba'in mita ɗaya, a giram. Falle 16 na A4 ne ke cika wannan faɗi, ke nan falle ɗaya mai giram 80 nauyinsa giram 5 ne, rim mai falle 500 kuma kilo biyu da rabi. Rim mai giram 60 bai kai kilo biyu ba. Idan kana shakkar abin da aka rubuta a kwali, ɗora shi a sikeli. Mai neman shara-shara ya tsaya tsakanin giram 50 da 70. Ƙasa da haka, sai dai a yi rubutu a fuska ɗaya.

Sai wajen nema. Tomoe River, wadda kamfanin Sanzen ke yi yanzu, tana da tsada, amma sayen fallayenta a ƙunshi ya fi sauƙi a kan sayen littafin da aka riga aka ɗinke. Masu rangwame daga Japan akwai Kokuyo KB mai giram 64 da fallayen Kokuyo Campus. Cikin takardun kwafi, Double A ta Tailan da PaperOne ta Indonesiya suna da masu giram 70, kuma sun cancanci gwaji. Wurin da aka fi mantawa da shi shi ne shagon masu ɗab'i. Suna ajiye takardar buga rasit da fom mara kauri a manyan fallaye, suna da injin yanka, kuma ragowar yanka ba ta da tsada. Ka roƙi falle biyu-biyu na kowane iri kafin ka fitar da kuɗin rim. Wadda ake yin rasit mai kwafin kansa da ita dai a bar ta, an shafa mata wani sinadari na daban.

Gwajin shi ne zuciyar aikin, kuma da alƙalami da tawadar da kake amfani da su kullum za ka yi shi. Rubuta layi uku yadda ka saba, ka duba gefen haruffan a wuri mai haske. Idan gefen ya fita tsaf, madalla. Idan ka ga ƙananan zare suna fita daga jikin harafi, ajiye ta. Daga nan ja layi biyar a tsaye, biyar a kwance a kansu, domin a mahaɗar layukan ne tawada ke taruwa. Ɗora bakin alƙalamin a wuri ɗaya na daƙiƙa uku. Sannan ja gajerun layuka huɗu, ka shafa yatsa a kan na farko bayan daƙiƙa 5, na biyu bayan 10, na uku 20, na huɗu 30.

Yanzu juya fallen. A nan ake yawan watsar da takarda mai kyau, saboda rashin bambance inuwa da ɓullowa. Inuwa ita ce ka hango rubutun ta baya amma fuskar a bushe take fes. Duk takarda shara-shara tana yin haka, har Tomoe River, kuma da zarar an yi rubutu a bayan sai ta daina damun ido. Ɓullowa kuwa ɗige-ɗigen tawada ne da suka huda suka fito, musamman a mahaɗar layuka da inda ka tsayar da baki. Wannan ce aibi. Maimaita gwajin a ɗaya fuskar, don wasu takardun fuskokinsu biyu ba ɗaya suke ba.

Takardar da ba ta naso tana jinkirin bushewa, tunda tawadar a sama take zama. Daƙiƙa 20 zuwa 30 ba laifi ba ne, sai dai bahago ya fi buƙatar mai saurin bushewa, ko ya riƙa aza takardar tsane tawada.

Idan takarda ta kusa ci amma tana ɗan naso, sauya kayan rubutun kafin ka haƙura da ita. Bakin alƙalami siriri, mai alamar F ko EF, yana zubar da tawada kaɗan, kuma F na Japan irin na kamfanin Pilot ya fi F na Turai siranta. Tawada mara yawan gudu kamar Pelikan 4001 ko Platinum Blue Black tana zama lafiya a takarda mai araha. Sa wani falle ƙarƙashin hannunka, domin gumi da maiƙon fata suna ɓata fuskar takarda, sai ka ga ƙasan shafi yana naso ko alƙalami yana tsallake.

Wadda ta ci gwaji, saya da ɗan yawa a lokaci ɗaya, ka adana marfin kwalin mai ɗauke da sunan ƙasar da aka yi ta. Suna ɗaya kan fito daga masana'antu daban-daban, rim ɗin bana ya saɓa da na bara. Ajiye ta a kwance cikin ledarta, nesa da bango da ƙasa, musamman da damina, don takardar da ta sha danshi takan lanƙwashe ta soma naso. Idan littafi kake so, a yanka A4 biyu ya zama A5, ko a ninke falle biyar-biyar a ɗinke ta tsakiya.