Kurakuran da Muke Yi Wajen Bin Sawun Magani da Rigakafi a Damagaram

Da zarar damina ta kankama, masu raba maganin CPS sai su bazu gida-gida, daga Birni da Garin Malam har ƙauyukan Magarya da Mirriya, suna ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 ƙwayoyin kariya daga masassarar cizon sauro. A ƴan kwanaki kaɗan dubun dubatar yara sun haɗiye magani iri ɗaya. Da wuya gwajin masana'anta ya tara mutane haka. Kafin a saki magani yawanci ƴan dubbai ake gwadawa, alhali illar da ke samun mutum ɗaya cikin 10,000 sai an bi sawun kusan 30,000 kafin a sa ran ganinta ko sau ɗaya. Ragowar binciken ke nan yana hannun majo na cibiyar lafiya ta CSI, da mai raba magani, da ɗalibin da ke tattara alƙaluma. A nan kuma ake ta yin tuntuɓe.

Tuntuɓen farko kowa ya san shi. Yaro ya sha magani da safe, da dare jikinsa ya yi zafi, gari na wayewa unguwa ta yanke hukunci. Amma a tuna lokacin da ake raba CPS: tsakiyar damina, lokacin da ko ba a ba kowa komi ba gidajen likita cike suke da masu masassara da zawo. Idan ka ɗauki yara dubu goma a watan Agusta ka shafa musu ruwan randa a goshi, gobe wasu za su kwana da zazzaɓi. Tambayar da ta dace ita ce: waɗanda suka kamu bayan shan maganin sun fi yawan da aka saba gani a irin wannan mako? Amsarta na cikin rajistar bara da ta bara waccan, da kuma gwajin jini na ɗan yatsa da za a yi wa yaron nan take. Sau da yawa sai a tarar cutar tana jikinsa tun kafin mai raba magani ya yi sallama.

Haka aka yi da rigakafin masassara na RTS,S. A babban gwajinsa an ga sanƙarau ya ɗan fi yawa cikin yaran da aka yi wa allurar. Ba a ce ƙarya ne ba, ba a kuma watsar da allurar ba. Daga 2019 aka fara yin ta a wasu yankunan Ghana da Kenya da Malawi, ana kwatanta su da yankunan da ba a kai ba tukuna. Yara sama da miliyan 2 suka samu, zargin sanƙarau bai tabbata ba, mace-macen yaran da shekarunsu suka kai na allurar kuma suka ragu da kashi 13 cikin ɗari. Bayan wannan ne Nijar ta fara tata a Gaya cikin Satumba 2024.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa namu ne, mu ma'aikata, kuma kishiyar na farko ne. Uwa ta zo da ɗiyarta duk jiki ya feso da ƙuraje, ta ce, "Malam likita, tun jiya da ta sha ƙwayar nan take susa." Sai a amsa mata, "Haba Inna, zafi ne kawai, je ki gida." Ba a rubuta ba. Ƙarshen wata rahoto ya tafi da kalma ɗaya a gurbin illoli: babu. Na sha buɗe rahoton wata cibiya da ta yi wa yara ɗaruruwa allura, wai ko kumburin cinya ɗaya ba a gani ba. Wannan ba shaidar lafiyar magani ba ce, shaidar alƙalami ne bai motsa ba. Na san dalilin: wani yana tsoron a ce shi ya yi ɓarna, wani yana gudun kada labari ya fita mutane su ƙi rigakafi, wani kuma yana jiran ya tabbatar kafin ya rubuta. To, tabbatarwa ba aikinka ba ne. Zato kaɗai ya isa a cike takardar MAPI, wato ta rahoton illar da ta biyo bayan allurar rigakafi, ko ta illar magani, masu tantancewa su yi nasu. Takardar nan ba ta tsayawa a Yamai. Rahotannin ƙasashe suna taruwa a cibiyar Uppsala ta ƙasar Suwidin, wadda ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS. Abin da ya yi kama da ƙaddara a Tanut, idan ya haɗu da irinsa guda ashirin daga wasu wurare, ya zama alama. A Gambiya cikin 2022 likitoci ne suka lura yara suna ta zuwa fitsari ya ɗauke musu, suka ɗaga murya, aka gano guba a cikin wasu magungunan tari da mura na ruwa. Kafin nan yara kusan 70 sun rasu.

Sai kuma takardar da aka cike rabi da rabi. An sa sunan magani, an manta da lambar lo, wato lambar rukunin da masana'anta ke bugawa a jikin kwalba ko kwali. Ba tare da ita ba, ba a iya sanin ko maganin ne gaba ɗaya ke da matsala, ko rukuni ɗaya, ko ma jabu ne. A annobar sanƙarau ta 2015 an samu allurar jabu tana yawo a Nijar, kuma abin da ke rubuce a jikin kwalabe ne aka kai wa masana'anta ta ce ba aikinta ba ne. A rubuta lambar, da ranar sha, da ranar da alama ta fara. A kuma tambayi abin da yaro ya sha banda namu, cikin lalama, don uwa ba za ta faɗa wa mai harararta cewa ta sayi siro wurin mai tebur a kasuwar Dole ko ta ɗura masa jiƙo ba. Wannan tambaya tana da nauyi musamman a CPS, domin yaron da ke shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kotirimokzazol, ko wanda irin wannan magani ya taɓa tayar masa da borin jini, ba a ba shi SP, ɗaya daga cikin magunguna biyu na CPS.

Akwai inda ake ɗora wa allura laifin hannun da ya riƙe ta. Rigakafin ƙyanda da aka dama, awa 6 ne iyakarsa, ko ƙarshen zaman allurar idan shi ya riga zuwa. Bayan nan sai zubarwa, komi ƙyashin asarar. A zafin Afrilu na Damagaram, akwatin sanyi da ƙanƙararsa ta narke ba ya jiran kowa. A Sudan ta Kudu cikin 2017 yara 15 sun mutu a yaƙin rigakafin ƙyanda saboda an yi ta amfani da sirinji ɗaya wajen damawa har kwana huɗu, kwalaben kuma ba sa cikin sanyi. Idan ƙurji mai ruwa ya fito wa yara uku da suka bi ta hannun mutum ɗaya, a fara duba firji da sirinji da agogo.

Lissafi ma yana da ramukansa. Ƙwayar da aka raba daban, wadda aka haɗiye daban: kashin ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, amma na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa suke, amodiyakin, ƙwayar da ake sha a ranakun nan, kuma ɗaci gare shi. Mai son sanin gaskiya ya koma gidajen ya nemi a nuna masa fankon katin maganin. A Magarya da Dungas da Matamai kuma, inda mutane ke kai da komo tsakaninmu da Jigawa da Katsina, rahoto kan nuna yaran da aka ba magani sun wuce kashi 100 cikin ɗari. Kada a yi murna. Adadin yaran yankin da aka yi lissafin da shi ne bai yi daidai ba.

Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, Dungas ce ta fi jin jiki. Na ji masu cewa ashe allurar sanƙarau da aka fara yi a ƙasar nan a 2010 ba ta yi amfani ba. Wannan allura, MenAfriVac, nau'in A na ƙwayar cutar kawai take karewa, kuma tun bayan ta nau'in A ya kusan ɓacewa daga yankinmu. Wanda ya zo a 2022 mafi yawansa nau'in C ne. Kafin wani ya rubuta "rigakafi ya gaza" a rahotonsa, ya buɗe karnen yaron ya ga wace allura aka yi masa, sannan ya jira sakamakon ruwan bayan da aka aika ɗakin gwaji.