Yadda Ake Gwada Osimosis da Dankalin Turawa a Aji ko a Gida

Osimosis shi ne ratsawar ruwa ta cikin tantani mai tacewa, daga ɓangaren da gishiri ko sukari ya yi ƙaranci zuwa ɓangaren da ya yi yawa. Ɗaliban sakandare a Bauchi suna haddace wannan ma'ana saboda jarrabawar WAEC da NECO, amma abin takaici, da yawansu sukan gama makaranta ba su taɓa ganin abin da idonsu ba, alhali kayan gwajin suna nan a kowane madafi.

Da farko a nemi manyan dankalin turawa guda 3, irin wanda ake kawowa Kasuwar Muda Lawal daga Filato, da gishiri, da wuƙa, da cokali, da faranti 3 masu ɗan zurfi. A dafa ɗaya na kimanin minti 10, a bar shi ya huce, sauran biyun kuma a bar su ɗanyu.

Sai a fere su duka, a datse gindin kowanne domin ya zauna daram, sannan a rarake rami a samansa da cokali. Nan ne aikin yake buƙatar natsuwa. A bar kaurin bango kamar santimita 1, kuma kada a kuskura a huda shi, domin ko ƙaramar kafa ce ruwa zai bi ta kai tsaye, gwajin ya lalace. A goge cikin ramin da tsumma mai tsabta har ya bushe.

Bayan haka a ɗora kowane dankali a farantinsa, a zuba ruwa har ya kai rabin tsayinsa, ba tare da ko ɗigo ya faɗa ramin ba. A zuba gishiri cokali ɗaya a ramin ɗanye guda, a zuba wani cokalin a ramin dafaffen, ɗanye na biyu kuwa a bar raminsa wayam. A ajiye su a inuwa na awa 2 zuwa 3.

Idan aka dawo za a tarar ruwa ya taru a ramin ɗanyen da ke da gishiri, har ƙwayoyin gishirin sun narke. Ramin da aka bari wayam yana nan a bushe, dafaffen kuma bai wuce ɗan laima ba. A ganina wannan dafaffen shi ne ya fi cancanta malami ya tsaya a kansa, domin gishirin iri ɗaya ne, ruwan ma haka, abin da ya bambanta kawai shi ne zafin wuta ya lalata tantanin da ke lulluɓe da ƙwayoyin halittar dankalin. Ke nan sai tantanin yana da lafiya aikin yake yiwuwa. Masanin Faransa Jean-Antoine Nollet ya lura da irin wannan tun a 1748, a gwajin da ya yi da mafitsarar dabba.

Daga nan sai a haɗa abin da aka gani da rayuwar tsiro. Ƙananan gashin da ke jikin saiwa suna shan ruwan ƙasa ne ta wannan hanya, saboda ruwan da ke cikinsu ya fi na ƙasa kauri. Ƙwayar halittar tsiro tana da bango mai ƙarfi, don haka idan ta cika da ruwa sai ta ɗame ba tare da ta fashe ba, kuma wannan ɗamewar ce take miƙar da ganyen alayyafo da tumatir. Idan manomi ya tara takin yuriya a gindin masara a busasshiyar ƙasa, lamarin yakan juye: ƙasar ce take janye ruwa daga saiwar, shukar ta yi yaushi, a ce taki ya ƙone ta.

Ƙwayar halittar mutum da ta dabba ba ta da wannan bango. Jajayen ƙwayoyin jini idan suka shiga tsurar ruwa sukan kumbura su fashe, idan kuma gishiri ya yi yawa sukan yamushe. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci a asibiti yake ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita, daidai da kaurin ruwan jini. Haka nan mai haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaron da ke gudawa dole ne ya kiyaye ma'auni, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tsabtataccen ruwa, domin idan haɗin ya yi kauri zai janyo ruwa daga jikin yaron zuwa hanjinsa, gudawar ta ƙaru.