Yadda na gyara layin dogon da ya tanƙware da hunturu

Layin dogon na ƙaramin jirgin ƙasa ne na kwaikwayo, a shimfiɗe kan tebur. Teburin mita 3 ne da faɗin mita 1.2, yana nuna wata tasha a Faransa a 1944. Sikelin OO ne, wato 1:76, an rage girman komai sau 76, tsakanin ƙarafa biyun milimita 16.5. Da hunturu ya kankama a Gombe, sai taragu suka riƙa sauka daga layi a kwanar bayan gada.

Katakon ne silar matsalar. An shimfiɗa layin da damina, filawud ɗin ya sha laima. Da iska ta bushe sai ya tsuke, ƙarfen kuwa tsawonsa na nan, ya rasa wurin zuwa, ya lanƙwashe gefe. Idan ka kwantar da kai daidai da layin za ka ga ya lanƙwashe a mahaɗa, wato inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, har tsakuwar da aka liƙe da gam a gefen layin ta tsattsage.

Na jiƙa tsakuwar da ruwan ɗumi har gam ya saki, na yanke bakin kowane ƙarfe da siririn zarto, na bar tazarar rabin milimita a kowace mahaɗa. Kada a liƙe mahaɗun da dalma. Kowane yanki ya samu wayarsa daga ƙasan tebur, don wutar lantarkin da ke tafiyar da jirgin ba za ta dogara da mahaɗa ba.

Ƙasan katakon na ƙara masa sanduna duk santimita 40, na shafe shi da fenti ciki da waje. Wannan ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne mafi muhimmanci.

Tsakuwar ta koma da farin gam da ruwa, rabi da rabi, da ɗigon sabulun ruwa, ta kwana ta bushe kafin a kunna jirgi.