Iyafis a kunne, hannu a totur: kurakuran da masu babur suka fi yi

Shekara bakwai ke nan ina hawa babur zuwa wurin aiki, minti arba'in da safe, wasu arba'in da yamma. Wanda ya san doguwar hanya ya san kaɗaicinta, shi ya sa ba zan ce wa kowa ya jefar da iyafis ɗinsa ba, don na san ba za a ji ba. Ni kaina a kan babur na saurari tafsirin azumi biyu, da littattafan Hausa na sauraro da ban san adadinsu ba. Abin da zan lissafa su ne wuraren da muke yin kuskure, kuma yawancinsu sai da na yi su da kaina kafin na gane.

Mafi girmansu shi ne toshe kunnuwa biyu. A titunanmu hon magana ce. Direban tifa da ke bayanka ba sigina zai ba ka ba, oda zai danna. Mai Adaidaita Sahu da zai kutso ta gefenka ɗan "pim-pim" zai yi ya shigo. Akuya za ta tsallaka, wani daga bakin titi ya ƙwala maka kira. Madubi, in ma ba a cire shi don gayu ba, sai ka kalle shi yake nuna maka abin da ke baya, kunne kuwa yana aiki ko ba ka waiwaya ba.

Wata Laraba cikin hunturu, gab da magariba, ina kan hanyar gida ina sauraron wani littafi, an kai daidai inda za a tona asirin wadda ta zuba wa amarya magani a kunu. Kunnuwana biyu a toshe. Ashe wata tirela maƙare da buhunan masara ta jima tana yi mini oda. Ban san da ita ba sai da iskarta ta tunkuɗa ni na sauka daga kwalta na faɗa kan tsakuwa, kan babur ɗin yana rawa a hannuna. Yaron motar ya leƙo ya ɗura mini zagin da na cancanta. Washegari na kai babur wurin bakanike ya miƙe mini ƙafar birki, na ba shi labari. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Malam, ai da kunne ake tuƙa mashin. Allah dai ya tsare, amma kai ka ja."

Gyaran ba shi da wahala: kunne ɗaya kawai, kuma a san wanne. A Najeriya da Nijar da Ghana hannun dama ake bi, don haka duk motar da za ta wuce ka ta hagunka za ta bi. Kunnen hagu ke nan ya kamata ya zauna a buɗe, iyafis ya koma na dama. Na sha ganin waɗanda suka rage ɗaya amma suka toshe na hagun, sun yi rabin aiki. Wasu ƙasashe ma ba su yarda da ko ɗayan ba. Faransa ta haramta sa iyafis ga mai mota da mai babur har da mai keke tun 1 ga Yulin 2015, tarar yuro 135, sai dai ta bar wa masu babur lasifikar da aka haɗa a cikin hular kwano. Jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa toshe kunnuwa biyun ne ta hana. A nan gida, amfani da waya a kan tuƙi laifi ne a wajen Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, saboda haka in kira ya shigo, a gangara gefe a amsa.

Sai maganar ƙure murya, wadda ɓarnarta ba a ganinta a rana ɗaya. Mutane suna zaton ƙarar inji ce ke hana su ji, alhali da zarar gudu ya yi nisa iska ce. A gudun kilomita 100 cikin awa, ƙarar iskar da ke kaɗawa a kunnen mai babur takan haura desibel 90, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Kai kuma don ka ji waƙarka sai ka ɗaga ta sama da iskar. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce kunne yana jure desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in an kai 100 kuwa minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba kada ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako. Ɗan acaɓa da ke wuni a titi daga asuba zuwa isha, da waƙa a ƙure, ya yi wa kansa lissafi.

Alamar farko ita ce ka sauka daga babur ka ji kunnenka yana "wiii", ko ka ji maganar mutanen gida kamar daga cikin rijiya. Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Abin da nake yi yanzu shi ne in saita muryar tun ina tsaye a ƙofar gida, kafin in tayar da inji, daidai yadda zan ji wanda ya yi mini sallama. Daga nan ba na ƙarawa. In iska ta rinjayi sautin a kan hanya, to ta rinjaya, ko in rage gudu ko in haƙura. Gargaɗin nan da waya ke fitarwa idan an kusa ƙure murya, wanda muke danne shi ba tare da mun karanta ba, shi ne iyakar. Wata dabara kuma: yawancin iskar ta ƙarƙashin hular kwano take shiga, ta wajen wuya. Naɗa ɗan rawani ko ƙyalle a wuya yana rage ta sosai, ga maganin ƙura.

Sababbin iyafis masu kashe ƙarar waje suna da daɗi a cikin mota ko jirgi. A kan babur cikin gari, a kashe wannan aikin nasu, don ba sa bambanta hayaniyar banza da rugugin motar da ta matso.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan ɓuya, kuma masu sauraron littafi ya fi kamawa: zaɓen abin da za a saurara. Waƙa kunne take cikawa, labari kuwa hankali yake ɗaukewa gaba ɗaya. Ido yana kan titi amma zuciya tana cikin ɗakin amarya ko a fadar wani sarki. Mai gudun kilomita 60 cikin awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In hankalinka ya makara da daƙiƙa biyu kafin ka taka birki, ka riga ka shafe fiye da mita 30, kuma a cikin wannan tazara yaro ɗan makaranta yake fitowa daga bayan motar da ta tsaya. Ni dai na raba hanyata biyu. Wajen gari, inda titi ya miƙe kuma motoci suka yi ƙaranci, ina sauraron karatu ko labari mara sarƙaƙiya, ko abin da na taɓa ji. Da na hango tudun rage gudu na farko a bakin gari sai in tsayar. Shataletale da bakin kasuwa da lokacin tashin ɗalibai ba wurin bin labari ba ne. Waƙa mai zafin kiɗa ita ma tana da nata sharrin, hannu yana bin ganga yana murza totur ba da saninka ba. Muryar mai karatu mai sanyi kuma, bayan an ci tuwon rana ko da la'asar ɗin azumi, gyangyaɗi take kawowa.

Taɓa waya ana cikin tafiya kuwa kowa ya san kuskure ne, kowa kuma yana yi. Talla ta katse karatu a YouTube, ko sabis ya ɗauke a bayan gari, ko wata jimla ta wuce ka kana son maimaitawa, sai hannu ya tafi aljihu. Masu roba-roba sun fi faɗawa wannan, tunda babu kulocin da zai riƙe musu hannun hagu, suna ganin hannun ba shi da aiki. Aikinsa yana bayyana ranar da tayar gaba ta faɗa rami. A sauke abin da za a saurara tun a gida, a jera shi, a sa wayar a aljihu mai zif. Hakan ma yana rage jan hankalin masu ƙwacen waya, waɗanda farar igiya mai reto a ƙirji take yi wa ishara. Igiyar a bi da ita ta cikin riga, don kada ta maƙale a kan babur lokacin shan kwana. Masu ƙananan bulutut marasa igiya su kuma matsalarsu faɗuwa: ɗaya ya zame, mutum ya kai hannu zai cafe, ko ya waiwaya yana nemansa a kan kwalta. Irin wanda ke rataye a wuya ya fi dacewa da babur, ko ya fita daga kunne yana nan.

Na ga waɗanda suka daina sa hular kwano, ko suke sa ta ba su ɗaure igiyar haɓa ba, wai iyafis yana danne musu kunne. Dama can mu da hular nan ba shiri. Lokacin da aka fara tilasta sa ta a Najeriya a Janairun 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka. To iyafis ne zai bi hula, ba hula ce za ta bi iyafis ba. Akwai siraran lasifika da ake mannawa a cikin hula daidai kunne, ba sa toshe ramin kunnen. Akwai kuma masu aika sauti ta ƙashin gefen kunne, su ma suna barin kunne a buɗe, sai dai gaskiya da gudu ya yi yawa ba a jin su sosai, kuma ba kowace hula suke shiga ba.

Mai ɗaukar fasinja ya cire iyafis gaba ɗaya. Ba ladabi ba ne dattijuwa tana bayanka tana "ɗana, nan zan sauka" har sau uku, sai ta dafa maka kafaɗa ka firgita. Haka cikin dare, da ruwan sama, da ranar da hazo ya rufe gari, lokutan da ido ya rage aiki. Shi kansa babur yana magana: sarƙa in ta saki tana kaɗawa, birki in ya cinye yana ƙugi, kuma wanda ya ji da wuri kuɗin gyaransa kaɗan ne.

Littafin nan kuwa a tsakar gida na ƙarasa shi, a kan tabarma, gwiwata ɗaure da bandeji. Ashe ba kishiyar ce ta zuba maganin ba, uwar mijin ce.