Yadda Za Ka Gane Saran Matasan Hong Kong a Intanet

Na sha ganin mutum ya shekara biyu yana koyon Sinanci, har ya fara karanta jarida, amma abokinsa ɗan Hong Kong ya turo masa layi ɗaya a WhatsApp ya tsaya cak. Matsalar ita ce da ido yake karantawa, su kuwa sautin bakinsu suke rubutawa. Suna kiran irin wannan magana 潮語, wato maganar yayi, abin da mu muke ce wa sara.

Mataki na farko, ajiye Mandarin, wato Sinancin da ake koyarwa a littafi, gefe guda. Harshen Hong Kong da Macau da yawancin lardin Guangdong shi ne Kantonanci, kuma idan suna hira yadda yake fita a baki haka suke rubuta shi. Inda littafinka ya koya maka 是 su 係 suke sawa, 不 ya koma 唔, 沒有 ya koma 冇, 的 ya koma 嘅, 佢 kuma ta ɗauke "shi" da "ita" duka. Haddace waɗannan biyar kafin komai. Idan sarin kaya kawai ke kai ka Guangzhou, Mandarin ya ishe ka a kasuwa. Wannan aiki na mai hulɗa da 'yan Hong Kong ne.

Na biyu, koyi Jyutping, tsarin rubuta Kantonanci da haruffan boko wanda ƙungiyar masana harshe ta Hong Kong ta fitar a 1993. Kowace gaɓa tana da lamba daga 1 zuwa 6 mai nuna karin sautinta, harafin j kuma y ake karanta shi. Kada karin sautin ya firgita ka. Bahaushen da yake bambanta wuyan riga da shan wuya ba tare da wata alama ba, kunnensa ya riga ya horu. Ƙamus kuwa, words.hk kyauta ne, kuma ni shi kaɗai nake yarda da shi a wannan fage. Kada ka ɓata kuɗinka a kan littafin sara, kafin a gama buga shi rabin kalmomin sun tsufa. Google Translate ya ƙara Kantonanci a 2024, yana taimakawa a magana ta yau da kullum, amma ban ba ka shawarar jingina da shi a kan sara ba.

Na uku shi ne inda kowa ke faɗuwa, a nan ni ma na faɗi. Duk lamba ko harafin boko da ka gani tsakiyar jimla, furta shi da ƙarfi. Huɗu sei3 ce, biyar ng5, bakwai cat1, tara gau2. Saboda haka siu4 na nufin 笑死, siu3 sei2, dariya har mutuwa. 5該 shi ne 唔該, wanda ake faɗa wajen roƙo ko godiya kan hidima. Harafin D yana tsayawa a madadin 啲, wato "kaɗan" ko alamar jam'i. Wani lokaci kuma da Turanci ake karanta lambar: c9 shi ne 師奶, si1 naai1, matar gida mai 'yan shekaru. Don haka gwada karatu biyu, na Kantonanci tukun, in bai ba da ma'ana ba sai na Turanci.

Lambar 9 ita ce abin tsoro. Mu mun saba da 9ja da gud 9t, hannunmu ya saba ɗaukarta a matsayin gajarta kalma. Haka na taɓa rubuta wa wani dattijo da muke harkar kaya ina tambayarsa ko yana on9, nufina ko yana kan layi in kira shi. Kwana biyu bai amsa ba. Daga baya wani matashi a ofishinsa ya fahimtar da ni cewa a Hong Kong on9 zagi ne, "wawa" ne da aka haɗa da sunan al'aurar namiji, domin gau2 ta tara ta yi kusa da gau1 ta batsa. Na ba shi haƙuri, ya karɓa, amma raina ya daɗe a ɓace, domin mutum ne da ya girme ni kuma bai taɓa yi mini sai alheri ba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, kai ma ka riƙe ta. Kalmar da ke ɗauke da 9, ko 7, ko harafin L tsaye shi kaɗai, karanta ta amma kada ka rubuta. Kantonanci yana da manyan kalmomin batsa guda biyar, matasa kuma ɓoye su suke yi a bayan lambobi da haruffa. 9up shi ne surutun banza, amma da ƙazamin baki. 好L正 yabo ne, "ya yi kyau matuƙa", sai dai L ɗin batsa ce tsagwaronta. DLLM kuwa ashar ne na uwa, ba ya bukatar ƙarin bayani. Har 膠, wadda ma'anarta ta asali roba ce, ta zama "shirme" ne saboda sautinta gaau1 ya yi kama da gau1 ta batsa, ko da yake ita ta yi laushi har ana jin ta a ko'ina.

Na huɗu, kalmomin aro da na hoto. Waɗannan ba su da wuya. 巴打, baa1 daa2, da 絲打, si1 daa2, kalmomin Turanci ne na ɗan'uwa da 'yar'uwa da aka rubuta da haruffan Sin. 食花生, cin gyaɗa, shi ne zama gefe kana kallon rigimar wasu. 潛水, nutso, mutum ya ɓace a daina jin ɗuriyarsa. 放飛機, sakin jirgin sama, saɓa alkawarin haɗuwa. Wanda ya ci lemon tsami, 食檸檬, budurwa ce ta ƙi shi. Buɗe littafin rubutu, ka riƙa saka kowace kalma tare da jimlar da ka tsince ta a ciki, domin kalma tsirara ba ta nuna maka gurbinta. A 2008 an saka irin waɗannan kalmomi a jarrabawar Sinanci ta sakandare a Hong Kong, ɗalibai suka yi ta ƙorafin cewa masu tsara tambayar ma ba su sa su daidai ba.

Na ƙarshe, yi wata uku kana karatu kawai kafin ka fara amfani da su, kuma da sa'anninka za ka fara. Kauce wa kalmomin siyasa irin su 黃絲 da 藍絲, masu rawayen ƙyalle (magoya bayan masu zanga-zanga) da masu shuɗi (magoya bayan gwamnati), da suka samo asali daga zanga-zangar 2014, da 手足, "'yan'uwa", yadda masu zanga-zangar 2019 suke kiran junansu. Tun da dokar tsaron ƙasa ta fara aiki ranar 30 ga Yunin 2020, raha da su na iya jefa abokinka cikin damuwa. In kana neman kalmar farawa, ɗauki 加油, gaa1 jau2, "ƙara mai", wadda ake faɗa wa mai jarrabawa ko mai fama da aiki don ƙarfafa masa gwiwa. Ita kam za ka iya tura wa yaro da babba.