Yadda ake tayar da tsohuwar Bitil ta koma motar gayu mai ƙarfi a Legas

A Amurka, wajejen Kalifoniya, aka fara sana'ar mai da tsohuwar mota ta koma motar gayu mai ƙarfi tun shekarun 1930. Samari kan ɗauki tsohuwar Ford, su cire duk abin da ke ƙara mata nauyi, su sa mata injin da ya fi nata. Ford ta 1932 ba ta samuwa a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, amma muna da Bitil ta kamfanin Volkswagen, wadda Yarabawa ke kira ijapa. An yi ta haɗa ta a masana'antar Volkswagen da ke Ojo tun 1975, kuma har yau ana tsintar gawarta a bayan gidaje da garejin bakanikai. Bodinta da noti aka ɗaure shi a kan shasi, injinta ba ya amfani da ruwa, saboda haka mutum na iya kwance ta a tsakar gida da sifana da jak.

Kafin ka biya kuɗi, ɗaga kujerar baya. Lambar shasi na nan a kan ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar, ka gwada ta da ta takarda. In ba su zo ɗaya ba, bar ta komai arharta, don ba za ka iya yi mata rajista cikin kwanciyar hankali ba. A gefen dama ƙarƙashin kujerar nan batir yake zama, kuma nan ne ruwansa ke fara cin ƙarfe. Sai ka soka sukudireba a ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi. Iskar teku da ambaliyar damina sun fi yi wa wannan wuri ɓarna, shi ne kuma yake riƙe da bodin. In ya ruɓe, kada mai walda ya taɓa shi sai an gitta ƙarfe a bakin ƙofofin an ɗaure, in ba haka ba bodin zai karkace, ƙofa ta daina rufuwa har abada.

Raba bodi da shasi aikin mutum huɗu ne, bayan an cire tankin mai, an kwance sitiyari, wayoyi da tiyon man birki. A kankare shasin har ƙarfe ya fito fari, a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar, domin a Legas ƙarfe tsirara ba ya kwana lafiya.

Birki ake fara gyarawa kafin inji. Mafi yawan masu wannan aiki nan suke yin kuskure, su kashe kuɗi a kan gudu, su bar tsayawa. Canja robobin birki guda huɗu, domin tsofaffi kan kumbura daga ciki su riƙe taya. Sa sabon famfon birki mai layi biyu, yadda in gaba ya fashe baya zai kama. In za ka iya, mai da birkin gaba na faifai. Babban notin tayar baya mai lamba 36 yana son ɗauri kusan Nm 300 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne), sannan a sa masa fil. In ya yi sako-sako, haƙoran gangar birkin ne za su cinye.

Injin 1600, wato mai girman si-si 1600, shi ne tushe mai kyau. Shi ne a cikin motar Volkswagen da ake kira Igala da tsofaffin danfo ƙirar Kombi, kuma ana neman sa a Ladipo ko Owode Onirin. Kama fulin injin ka ja gaba da baya. Wasan da aka yarda da shi milimita 0.07 zuwa 0.13 ne, wanda da ƙyar hannu ke ji. In ka ji yana ƙwas-ƙwas, gidan injin ya ci, wuce na gaba. Ka tafi da tsohon kayanka a hannu duk lokacin da za ka kasuwa, saboda Bitil ɗin Jamus da ta Barazil suna kama a ido amma ba kowane abu nasu ke shiga na juna ba.

Faɗin fistan na asali milimita 85.5 ne. Ana samun na 87 da ke shiga ba tare da an yi wa gidan injin komai ba, ya ba ka si-si 1641, sai dai bangon silindarsa siriri ne, zafi na lanƙwasa shi. Na 90.5 yana kai injin 1776, amma dole mai injin sassaƙa ƙarfe ya faɗaɗa gidan injin da kan silinda. Ga motar da za ta riƙa tsayawa a gosulo, ko dai ka bar ta 1600 da kafireto mai kyau da salansa mai numfashi, ko ka tafi 1776 kai tsaye. A ɗaure kan silinda a hankali, a bi tsari, a tsaya a Nm 32. Wanda ya matsa da ƙarfin tuwo zai zare kusoshin daga gidan injin, don ƙarfensa mai laushi ne.

Zafi ne ajalin wannan inji. Faranten ƙarfen da ke kewaye da shi su ke kai iska kan silinda, kuma bakanikai da yawa kan jefar da su wai sun tare hannu. Mai da kowane ɗaya wurinsa, har da robar da ke zagaye ɗakin injin, wadda ke hana iskar salansa mai zafi komawa cikin fanka. Nemi murfin fanka irin na 1971 zuwa sama, wanda aka fitar da mai sanyaya baƙin mai gefe. A tsohon samfurin, mai sanyaya man yana tare wa silinda ta uku iska, shi ya sa bawul ɗinta ke fara ƙonewa. Ana saita bawul a milimita 0.15, injin na sanyi ƙalau, gara da sassafe. Fanbel ya lotsa kamar milimita 15 in ka danna da babban yatsa, kuma a bar wani sabo a mota kullum, don in ya tsinke fanka ta tsaya. Baƙin mai lita biyu da rabi ne, injin ba shi da filta sai rariya, don haka kada juye ya wuce kilomita 5,000.

Gobara ma tana da sababi sananne. Tiyon fetur kan tsufa, ko bakin tagullan da ke jikin kafireto ya zare, mai ya zuba kan abin rarraba wuta. Sabon tiyo, maɗauri a kowane baki, kuma kada a rataya matatar fetur ta roba a ɗakin injin.

Masu wannan salo a waje suna sauke mota har ta kusa shafar ƙasa, su cire madigadi. A hanyar Agege ko Mil 12 wannan ba zai kai ka mako ba. Inci biyu ya isa a gaba. Madigadin kuma a rage shi kawai, a bar fitilu da sigina suna aiki, don jami'an duba motoci da 'yan Road Safety za su tambaya. In ka canja inji ko launi, ajiye rasit mai ɗauke da lambar injin, ka gyara takardun motar kafin ta hau titi. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan ka yi 'yan makonni kana zagaya unguwa da ita, ka gano inda take yoyo.